Laimar Alƙahira: Tarihin Masu Ɗinkin Khayamiyya



A zauren da dattawan unguwarmu ke zaman shawara akwai wani ƙyalle rataye a bango, tsawonsa bai wuce kamu huɗu ba, faɗinsa kamu uku. Tauraro ne babba a tsakiyarsa, kewaye da rassa da ganyaye ja da shuɗi da ruwan ƙwai a kan fari. Wani ɗalibi ne ya zo da shi tsaraba daga Azhar tun muna yara, yau shekara arba'in da ɗoriya, kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. A taron shirin Maulidi da ya gabata samarinmu suka kawo shawarar a sauke shi, tunda ya koɗe, a sayo sabon yadi mai irin wannan zane wanda yanzu ake aunawa a kasuwa da araha. Ba su faɗi haka don raini ba, a ganinsu duka abu ɗaya ne. Sai wani dattijo ya ce a sauke, amma a juya bayansa kowa ya gani. Da aka juya sai ga sawun allura dubbai, ƙanana kamar ƙwayar gero, suna bin kowane lanƙwasa na ganye. Ashe kowane launi ƙyalle ne dabam da aka yanka da almakashi aka ɗinke bisa wani. A nan ne aka umarce mu da mu tattara abin da ya sawwaƙa na tarihin wannan sana'a, kafin a yanke hukunci a kan abin da ba a san asalinsa ba.

Mutanen Masar suna kiran wannan aiki khayamiyya, daga kalmar khaima, wato tanti. Kalmar ba baƙuwa ba ce a bakinmu. Laimar da muke fakewa da ita daga ruwa da rana, da laimar da ake riƙa wa sarki ran hawa, daga al-khaima ta samo asali, kamar yadda littafi ya fito daga al-kitab, labari daga al-khabar, liman daga al-imam. Duk wanda ya yi karatun allo ya haɗu da jam'inta a Suratur Rahman. Babbar rumfar taro da ake haɗawa da waɗannan ƙyallaye kuwa suradik suke ce mata, wadda ita ma almajiri zai tuna da ita a Suratul Kahfi.

Masar ƙasa ce da tanti ya shiga tarihinta tun daga tushe. Birnin farko da Musulmi suka kafa a can a shekarar 641 sunansa Fusɗaɗ, kuma ɗaya daga ma'anonin kalmar shi ne tanti. Masu tarihi sun ruwaito cewa da Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, ya tashi zai nufi Iskandariyya sai aka tarar wata kurciya ta yi ƙwai a saman tantinsa, ya ce a bar mata shi a kafe. Da ya dawo da nasara sai mayaƙa suka yi ta gini kewaye da wurin. Ko ruwayar ta inganta ko ado ne na masu ba da labari, sunan dai ya zauna. Dabarar yanka wani abu a ɗinke shi bisa wani kuwa ta girmi Musulunci a ƙasar nesa ba kusa ba. A shekarar 1881, a wani ɓoyayyen kabari da ke Dairul Bahri kusa da Luksor, an samu rumfar jana'izar wata mace ta gidan sarauta mai suna Isetemkheb, wadda aka yi da guntayen fata rinannu da aka harhaɗa, shekarunta kimanin dubu uku. Baduku na Kano ko na Damagaram da zai gan ta, nan take zai gane aikin, domin haka yake yi wa tumtum da gafaka.

Zamanin Faɗimiyawa, waɗanda suka gina Alƙahira a 969, tanti ya zama abin taƙama na mulki. Malam Makrizi, marubucin tarihin Masar da ya rasu a 1442, ya bayyana cewa a fadar halifofinsu akwai taska ta musamman don ajiyar tantuna, kuma ya ambaci wani ƙaton tanti da aka yi wa laƙabi da Alƙatul, wato makashi, saboda ba a cika kafa shi ba tare da wani daga cikin ma'aikata ya rasa ransa ba. Wannan ya isa ya nuna mana girman abin, da kuma wanda ke biyan farashin alfarmar masu mulki.

Sai dai abin da ya ciyar da maɗinkan tanti shekara da shekaru, fiye da fada, shi ne hajji. Daga zamanin Sarki Baibars na Mamalik, cikin ƙarni na 13, Alƙahira ta riƙa fitar da ayari duk shekara tare da mahmal, wato darbuka mai ado da ake ɗora wa raƙumi alamar ikon sarkin Masar, da kuma kiswa, rigar Ka'aba. Tafiyar ta ƙasa ta ratsa Sina'i da Aƙaba, tana cin fiye da wata guda, kuma dubban mutane ne da kowannensu yake bukatar inuwa a kowane zango. A nan ne hanyar kakanninmu ta haɗu da ta waɗannan maɗinka. Tun cikin ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Fusɗaɗ don ɗalibansu da alhazansu. Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a 1324. A Azhar a da akwai ruwaƙin mutanen Barno. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan Agadas da Katsina. Mutanen ƙasashenmu da suka bi wannan ayari sun kwana a ƙarƙashin tantunan Masar ko kusa da su, tun kafin a san za a yi wani abu wai shi jirgin sama.

Ya kamata mu gyara wani kuskure da muke yawan ji, cewa wai masu khayamiyya su ne ke ɗinka rigar Ka'aba. Kiswa aikin saƙar alharini ne da surfani na zaren zinariya da azurfa, kuma tana da gidanta dabam, Darul Kiswa da ke unguwar Khurunfish, wanda aka kafa a 1817 zamanin Muhammadu Ali Basha. Masar ta daina aika ta a farkon shekarun 1960, yanzu a Makka ake yin ta. Maƙwabtaka ce tsakanin sana'o'in biyu, kowacce da mutanenta.

A 1517 Sarkin Turkawa Salim na Ɗaya ya ci Masar da yaƙi, aka rataye sarkin Mamalik na ƙarshe, Tuman Bay, a Ƙofar Zuwaila. Ibn Iyas, wanda ya ga abin da idonsa, ya ce an kwashe gwanayen masu sana'a zuwa Istanbul har sana'o'i kusan hamsin suka tsaya a Alƙahira. Turkawan kansu gwanaye ne na tantin faci, kuma waɗanda aka ƙwace musu a yaƙe-yaƙensu da Turawa, musamman bayan sun kasa cin birnin Biyana a 1683, suna nan ajiye a gidajen tarihi na Foland da Jamus. Saboda haka zanen da ke kan ƙyallenmu gado ne gauraye, akwai na Mamalik a ciki, akwai na Turkawa.

Wanda ya je Alƙahira yau ya fita ta Ƙofar Zuwaila, wadda aka gina a 1092, ya ƙetare hanya, zai shiga wani lungu mai rufin katako da ƙananan tagogi a sama da ke zubo haske. Shi ne Ƙasabar Ridwan Bey, wadda kowa ya fi sani da Titin Masu Tanti. Ridwan Bey shi ne amirul hajji na Masar fiye da shekara ashirin har rasuwarsa a 1656, kuma ya gina wannan kasuwa wajen 1650. Da farko masu takalma ne a cikinta, daga baya maɗinkan tanti suka gaje ta. Shaguna ne ƙanana a jere hagu da dama, wasu ba su fi ɗakin soro ba, kuma a kowanne za ka ga namiji zaune bisa dakali, ya tanƙwashe ƙafa, ya jingina da bango, ƙyalle a kan cinya. Aikin maza ne tun asali, ɗa ya gada wurin uba ko yaro ya koya wurin maigida.

Yadda ake aikin shi ne abin da ya fi jan hankalinmu, domin da takarda ake farawa. Mai zane zai ɗauki takarda mai ƙwari gwargwadon girman aikin, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa huɗu, wani lokaci har takwas, kamar yadda yara ke yi in za su yanka tauraro. A kan wannan ɗan yanki kaɗai zai zana abin da yake so. Sannan ya bi layin da allura yana hudawa, huda kusa da huda, har allurar ta ratsa dukkan ninkin. In ya warware takardar sai ga cikakken zane ya bayyana, kowane ɓangare daidai da ɗan'uwansa ba ƙari ba ragi. Sai a shimfiɗa ta bisa yadi, a ƙulla garin gawayi a ɗan tsumma in yadin fari ne, ko garin alli in mai duhu ne, a riƙa bubbugawa. Garin ya bi ta hudojin ya sauka ɗigo-ɗigo, a ɗauke takardar, a haɗa ɗigon da alƙalami. Takardar kuwa ba a yar da ita. Ana ninke ta a adana, kuma tsofaffin shaguna suna da tarin irinta da suka gada, wasu sun yi baƙi ƙirin don yawan shan gawayi. Dukiyar gidan ke nan, kamar yadda kundi yake a gidan malamai.

Daga nan sai almakashi da allura. Akwai yadi mai kauri na auduga a ƙasa, akwai na shimfiɗa a kansa, sannan guntayen launi. Maɗinki ba ya yanka guntun daidai da zane tun farko. Yakan yanko shi da ɗan rara, ya ɗora, sannan ya riƙa tura gefen ciki da bakin allura yana kamawa da ɗinki, yana datse abin da ya yi yawa yana tafiya. Zaren yakan dace da launin ƙyallen, shi ya sa ba a ganin ɗinkin ta gaba sai an juya. Rigar matashin kai takan ci 'yan kwanaki, babban aiki mai yawan lanƙwasa kuwa watanni. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin aska takwas a kan babbar riga ya san irin wannan haƙuri, kuma ya san cewa a wurinmu ma malami ne yakan fara zana fasalin da tawada kafin allura ta bi.

Abin takaici ga mai neman tarihi shi ne ƙyalle ba dutse ba ne. Tanti rana ke dukansa, ƙura ta ci shi, in ya tsufa a yayyanka a yi faci da shi. Don haka mafi yawan tsofaffin khayamiyya da suka rage ba su wuce ƙarni na 19 ba, musamman zamanin sarautar Khidiwi, daga 1867 zuwa 1914. Aikin wannan zamani shi masana suka fi yabawa: manyan bangaye da suka fi tsayin mutum biyu, da siffar ƙofa ko mihrabi a tsakiya, da rubutun Larabci mai kauri a sama, galibi baitocin waƙa da kalaman maraba da baƙo. Da su ake toshe titi a yi suradik don ɗaurin aure, ko maulidi, ko zaman makoki inda mai karatu zai hau kujera ya yi tilawa. Akwai ma wasu ma'aikata dabam, farrashin, waɗanda aikinsu kafa turaku da ɗaure bangayen da jera kujeru. Talaka da ba shi da babban gida yakan yi hayar fada ta kwana ɗaya, ya karɓi baƙinsa cikin mutunci, gobe a naɗe a kai wa wani. A ganinmu wannan ne mafi kyawun abin da sana'ar ta yi wa mutanenta.

Bayan buɗe mashigin Suwes a 1869 Turawa masu yawon buɗe ido suka yawaita, sai maɗinka suka lura cewa baƙo ba zai iya ɗaukar bangon tanti a akwati ba. Suka koma yin ƙanana, da hotunan fir'aunoni da gumakansu da jakai da raƙuma. Sojojin Ingila da Ostareliya da suka zauna a Masar lokacin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu sun saya da yawa sun aika wa iyalansu, kuma gano kabarin Tutankamun a 1922 ya ƙara wa irin wannan zane kasuwa. Mu dai zukatanmu sun fi karkata ga taurari da rassa da rubutu, saboda dalilan da duk wanda ya zauna gaban malami ya sani. Amma ba za mu zargi mai iyali da ya ɗinka abin da ake saye ba, kuma da wannan ciniki ne allurar ta ci gaba da motsi a shekarun da manyan oda suka ja baya.

Akwai wani abu da ya faru a Faransa da ya cancanci a faɗa. Shahararren mai zane Henri Matisse ya mallaki ƙyallen khayamiyya a gidansa, har ya zana shi a wani hotonsa na 1948 wanda ke ɗauke da sunan labulen Masar, yana nan a wani gidan ajiye zane a Washinton. A waɗannan shekaru ne, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ta raunana shi, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi yana sa a manna su, aikin da Turawa ke ɗauka cikin manyan abubuwan ƙarni na 20. Wasu masu bincike suna ganin akwai dangantaka tsakanin labulen da almakashin. Mu ba mu da hurumin yanke wannan. Abin da muka lura kawai shi ne sunan Matisse yana cikin kowane littafin zane, wanda ya ɗinka labulen kuwa bai sa hannu a aikinsa ba, kamar yadda wanda ya ɗinka namu bai sa ba.

Abin da ya karya kasuwar manyan bangaye shi ne injin buga yadi. A ƙarshen ƙarni na 20 masana'antu suka fara buga zanen khayamiyya a kan yadi mara nauyi, mai saukin ɗauka da wanki, a kan kuɗi kaɗan. Farrashin suka rungume shi, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Yau shi ne ke rufe rumfunan buɗa baki a Masar, shi ake naɗe fitilun azumi da shi, shi ke kan rumfunan biki da makoki a Sudan, kuma shi ne ya iso kasuwanninmu har samarinmu suka gan shi. Zanen ya yaɗu fiye da kowane zamani, masu shi kuwa suka ragu. Haka ya faru da adon takarda na watan azumi, wanda yaran lungunan Alƙahira kan yanka daga tsofaffin littattafan makaranta su manna a zare da ƙullun fulawa su ratsa titi da shi daga taga zuwa taga, kafin na leda ya cika kasuwa. Har gwamnatin Masar ta hana shigo da fitilun azumi daga waje a 2015 don ta kare masu yin na gida.

Juyin juya halin 2011 ya kori masu yawon buɗe ido, titin ya yi tsit na tsawon lokaci. Abin da ya taimaki wasu daga cikin maɗinkan shi ne ƙungiyoyin mata masu ɗinkin bargon faci a Ostareliya da Ingila da Amurka, waɗanda suka gane gwanintar tunda irin aikinsu ne, suka riƙa gayyatar su baje koli. An yi fim a kansu a 2015, kuma a 2018 Seif El Rashidi da Sam Bowker suka fitar da littafi kan tarihinsu a Alƙahira. Sana'ar tana nan da rai, amma ta tashi daga bangon titi ta koma kayan kyauta da adon ɗaki, kuma damuwar tsofaffin ita ce yaron da zai yarda ya zauna shekaru yana koyon tura gefen ƙyalle da allura.

Wannan damuwa mun san ta a gida. Telolin unguwarmu kullum yamma sai sun share guntayen shadda da atamfa sun zuba a buhu, alhali iyayenmu mata da irinsu suke haɗa zanen goyo da murfin kwano da 'yar tsana. Masu zayyanar allon sauka sun ragu, har wasu iyaye sun koma sayen bugaggiya. Ba mu ce a ƙi yadin inji ba, mu ma shi za mu saya don rumfar Maulidi, domin aljihun jama'a ba zai ɗauki wanin sa ba.

Game da na zaure kuwa, dattawa sun tsayar cewa ba za a musanya shi ba. An samu wurare uku da asu ya ci, da wani ganye ja da ɗinkinsa ya saki. An miƙa shi ga wani tsohon tela da ya yi ɗinkin hannu a ƙuruciyarsa, tare da yara biyu daga cikin waɗanda suka kawo shawarar saukewa, su riƙa zare masa allura tunda idonsa ya yi rauni. Da ya ɗaga ganyen da ya saki sai ya kira mu mu duba: a ƙarƙashinsa layin mai zane yana nan bisa farin yadi, da ɗigon gawayi biyu ko uku da ba su goge ba. Ya ce jan da ke kasuwa yanzu ya fi wannan haske, saboda haka duk wanda ke da tsohon jan ƙyalle na auduga da ya sha wanki, ko da tafin hannu ne, ya kawo zaure bayan sallar La'asar.